Yadda Ake Gwada Ƙasar Gona Bayan Feshin Atirazin

Manomin da ya fesa maganin ciyawa na atirazin a gonar masara ko dawa, kuma yake da niyyar shuka wake ko dasa tumatir a wurin, ya sani cewa mutuwar ciyawa ba ta nufin maganin ya bar ƙasa. A ƙasa mai danshi rabin ƙarfinsa kan tafi cikin kimanin kwana 60, amma idan ruwa ya ɗauke da wuri, ƙananan halittun da ke narkar da shi sukan rage aiki, sai ragowarsa ta daɗe fiye da haka.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Kamar wata guda kafin shuka, a ɗebo ƙasar sama, zurfin santimita 10, daga wurare da dama, musamman bakin gona inda mai feshi yake juyawa, domin nan ne magani ya fi taruwa. A zuba ta a gwangwanaye uku masu huji a gindi, sannan a cika wasu uku da ƙasa irinta daga inda ba a taɓa feshi ba. A shuka wake a dukkansu, a ajiye su a rana, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida.

Inda aka fi yin kuskure shi ne saurin yanke hukunci. Atirazin ba ya hana iri tsirowa. Aikinsa shi ne hana ganye sarrafa abinci da hasken rana, don haka tsiron zai fito lafiya, sai abincin da ke cikin ƙwayar ya ƙare sannan illar ta bayyana. A jira mako uku cur. Idan gefen tsofaffin ganyaye ya yi rawaya ya fara ƙonewa, alhali na ƙasar da ba a fesa ba suna nan kore, to a jinkirta, ko a sake shuka masara.

Ruwa ma yana da haƙƙinsa, kuma a ganina shi aka fi zalunta. Wannan magani yana bin ruwa ya nutse, musamman a jigawa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a 2004. Kada a yi feshi idan hadari ya haɗo, kada a wanke injin feshi a rafi ko kududdufi. A ɗauraye robar maganin sau uku, a juye ɗaurayen cikin injin, sannan a huda ta don kada yara su ɗebi ruwan sha da ita.