Yadda Za Ka Kama Jirgin Ƙasa Mai Tsallaka Iyaka Ba Tare Da Ya Bar Ka Ba

Kafin ka tambayi ƙarfe nawa ya kamata ka isa tasha, fara gano inda za a duba fasfonka. Amsar wannan ita ce za ta faɗa maka lokacin da za ka bar masauki.

Da farko, ka san irin jirgin da za ka shiga. Idan Eurostar ne daga Landan zuwa Faris, wanda ke bi ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, to a tashar St Pancras da ke Landan ake gama komai. Za a wuce da kayanka ta na'urar bincike, sannan 'yan sandan kan iyaka na Faransa su duba fasfo da biza tun kana cikin Ingila. Ga mai tikitin gama-gari, ana rufe ƙofar shiga saura minti 30 jirgi ya tashi. Ka lura da kyau: lokacin da ke rubuce a tikiti na tashin jirgi ne, ba na rufe ƙofa ba. Nan ne mutane da yawa ke yin asara, ga jirgi a tsaye amma ba halin shiga. Ni dai shawarata, ka isa da awa ɗaya da rabi a hannu, musamman tunda Tarayyar Turai ta fara ɗaukar hoton fuska da na yatsun baƙi daga Oktoban 2025.

Amma idan tsakanin ƙasashen yankin Shengen ne, wato ƙasashen Turai da galibi ba a duba fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, kamar Faris zuwa Firankfot, minti 20 zuwa 30 sun isa. Duk da haka fasfo ya kasance a jikinka, ba a ƙasan akwati ba, domin jami'ai kan shigo tarago su tambaya.

Na biyu, karanta tikitinka da idon basira. Agogon awa 24 ake amfani da shi, 07:10 safiya ce, 19:10 dare. Kuma kowane lokaci na garin da aka ambata ne. Faris na gaban Landan da awa ɗaya. Duba sunan tasha ma, don babban birni ba tasha ɗaya gare shi ba. Wanda ya sauka a tashar Gare du Nord ta Faris zai wuce Siwizalan, galibi sai ya tsallaka gari zuwa tashar Gare de Lyon, da kaya niƙi-niƙi.

Na uku, canjin jirgi. In da hali, sayi tafiyar duka a tikiti guda, ta yadda idan jirgin farko ya makara za a sa ka a na gaba. Idan tikiti daban-daban ka saya, bar tazarar awa ɗaya ko fiye.

Da ka shiga tasha, nemi babban allo ka bi lambar jirgi da lokacinsa, domin sunan da ke kai na zangon ƙarshe ne, wataƙila ba garinka ba. A Faransa kusan saura minti 20 ake nuna layin da jirgi zai tsaya, kuma ana hana shiga TGV, jirgin ƙasar mai tsananin gudu, saura minti 2. Sai ka nemi lambar taragonka kafin ka hau, saboda wasu jiragen na rabuwa biyu a hanya, kowane rabi ya nufi garinsa.