Yadda ake kawar da kantsar haƙori da aswaki, kanumfari da bagaruwa

Ka kankari gindin haƙorinka da farce da sassafe, za ka ga wani farin datti mai yauƙi. Wannan ita ce kantsa, kuma ba ragowar tuwo ba ce: ƙwayoyin cuta ne suka taru suka lulluɓe kansu da danƙo. Fitacciya a cikinsu, Streptococcus mutans, tana juya sukarin shayi da alewa ya zama tsami mai cinye ɓawon haƙori. Ramin da mutane ke cewa tsutsa ta ci, nan ne mafarinsa.

Danƙon nan shi ne matsalar, domin yana tare magani ya hana shi isa ciki. Shi ya sa kurkure baki da jiƙo, komai ƙarfinsa, ba ya wadatarwa sai an fara gogewa. Aswaki kuwa aiki biyu yake yi lokaci guda, zarensa na kankara, ruwansa na kashewa.

Saiwar aswaki tana da wani sinadari, benzyl isothiocyanate, shi ne yajin da kake ji a harshe, kuma shi ne kan gaba wajen kashe ƙwayoyin. Yana tashi da iska, zafin Sakkwato kuwa ba ya raga masa. Don haka in za ka saya a bakin masallaci ko a babbar kasuwa, ɗan kankare ɓawon ka ɗanɗana. Wanda ya bushe ƙamas, babu yaji, icce ne kawai. Zaɓi mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawon kamar santimita 15.

Fere santimita 1 daga baki, ka tauna a hankali har zaren ya buɗe ya yi laushi. In ya yi tauri, jiƙa bakin cikin ruwa mai tsabta na 'yan sa'o'i. Riƙe shi kamar alƙalami, ka ɗora zaren daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka share daga dasashi zuwa bakin haƙori, sau biyar ko shida a kowane wuri. Kada ka dirza a kwance da ƙarfi. Masu yin haka dasashinsu kan ja baya, gindin haƙori ya fito, ruwan randa ma ya riƙa tsarga musu.

Inda kusan kowa ke kuskure shi ne cikin baki. Zaren aswaki a miƙe yake da sandarsa, saboda haka gaba yake so, kuma za ka ga mutum yana tafe yana goga haƙora shida na gaba tun daga gida har masallaci. Matauna da bayan haƙoran ƙasa, ta wajen harshe, can kantsa ke taruwa ta daskare. Buɗe baki sosai, karkata sandar, ka ba su rabin lokacin. Minti uku ya isa duka. Kowace rana yanke bakin da ya yi aiki ka fere sabo, ka wanke, ka bar shi ya sha iska. Jiƙaƙƙen aswaki a ƙulle cikin leda fumfuna yake yi.

In babu aswaki, ɗanyen reshen darbejiya ko na marke na yin aiki. Man darbejiya dai kada ya kusanci bakin yaro, guba ne gare shi.

Bayan gogewa sai kurkura. Zuba kanumfari 5 a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, rufe minti 10, bari ya huce, ka kurkura rabin minti ka tofar. Dafa sabo kullum. Sinadarin eugenol da ke cikin kanumfari yana rage zogi, amma man kanumfari tsantsa yana ƙona dasashi, kuma lafawar zogi ba ta cike rami.

Bagaruwa tana da tanin, abin da majeman Sakkwato ke jeme fatar jan akuya da shi. Yana ɗaure dasashi mai jini. Dafa kwanso 2 a kofi biyu na ruwa, tace, ka kurkura sau biyu a rana, kada ya wuce mako guda, don yana rina haƙori. Da dare a ƙara da man goge baki mai sinadarin fuloraid, shi ke ƙarfafa ɓawon haƙori.

Kantsar da ta riga ta zama dutse sai likitan haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 kuwa, ramamme, da dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, kumatu ya fara kumbura, ba a tsaya masa jiƙo. Haka cutar da likitoci ke kira noma ke farawa, cikin kwanaki take cin fuska. A kai shi asibitin noma da ke nan Sakkwato a ranar.