Babi na Bakwai: Nau'o'in Fayilolin Sauti da Na'urorin Naɗar Waƙa Layi-Layi

Duk wanda ya taɓa karɓar waƙa a waya ko a kwamfuta ya ga wasu haruffa a ƙarshen sunanta, irin su MP3 ko WAV ko M4A. Waɗannan haruffa suna nuna yadda aka adana sautin, kuma da su ake gane ko yana nan cikakke kamar yadda aka naɗe shi, ko kuwa an rage masa wani abu domin ya yi sauƙin aikawa. A wannan babi za mu koyi bambancinsu, sannan mu duba na'urorin da ake naɗar waƙa da su, domin mai sauraro da mai son shiga wannan sana'a kowa ya san abin da ya dace da bukatarsa.

Yadda sauti yake komawa lambobi

Sauti girgizar iska ce. Makirfo yana karɓar wannan girgiza ya mayar da ita wutar lantarki mai hawa da sauka, ita kuma na'urar naɗa tana auna ƙarfin wutar sau dubbai a cikin kowane sakan, tana rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a shekarar 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a kowane sakan. Dalilin wannan adadi shi ne, kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa kimanin 20,000 a sakan, kuma ƙa'idar lissafi ta nuna dole yawan awon ya haura ninki biyu na sauti mafi tsini da ake son kamawa. A aikin bidiyo an fi amfani da 48,000.

Akwai kuma lamba ta biyu da za ku riƙa gani a jikin na'urori, wato bit 16 ko bit 24. Ita tana nuna yawan matakan da ake da su wajen rubuta kowane awo. Bit 16 yana ba da matakai 65,536, bit 24 kuwa sama da miliyan 16. Wajen sauraro bit 16 ya wadatar da kunne. Wajen naɗa ne bit 24 yake da amfani sosai, domin yana ba mutum damar rage ƙarfin makirfo don kada sauti ya fashe, ba tare da ƙarar na'ura ta rufe muryar da ke ƙasa-ƙasa ba.

Fayilolin da ba a taɓa ba, da waɗanda aka matse

WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, yana adana lambobin nan duka kamar yadda aka auna su. AIFF na kamfanin Apple ma haka yake. Matsalarsu ɗaya ce, suna cin wuri: minti ɗaya na waƙa mai ingancin CD yana kai kimanin megabayit 10, don haka waƙar minti biyar ta kai 50. A zamanin da intanet take tafiyar hawainiya, aika irin wannan fayil babban aiki ne, kuma wannan ne ya sa masana suka nemi hanyar rage shi.

MP3 ya fito ne daga binciken da aka yi musamman a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, inda Karlheinz Brandenburg ya kasance cikin jagororin aikin, kuma an amince da shi a matsayin ma'aunin duniya a farkon shekarun 1990. Dabararsa ta dogara ne da raunin kunnen ɗan Adam. Idan sauti mai ƙarfi ya tashi, kunne ba ya jin ƙaramin sautin da ke kusa da shi a wannan lokaci, sai MP3 ya zubar da wannan ƙaramin, ya rage kulawa da sassan da kunne bai cika lura da su ba. Ana auna yawan abin da aka bari da kilobit a sakan. A kan 128, minti ɗaya yana cin kusan megabayit ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na WAV. A kan 320, wanda shi ne ƙololuwar MP3, minti ɗaya yana cin kimanin megabayit biyu da rabi, kuma mafi yawan mutane ba sa iya bambance shi da na asali. Idan aka sauka ƙasa da 128, sai a fara jin lahanin a tafi da ƙarfen ganga da harafin "s" na mawaƙi, suna fitowa kamar ana jin su ta cikin ruwa.

AAC ya biyo baya a 1997, kuma shi ne yawanci yake cikin fayil mai M4A a ƙarshen suna. Idan girman fayil ɗaya ne, ya kan fi MP3 tsabta, musamman a ƙananan lambobi. Opus na 2012 ya ƙware wajen ɗaukar murya a ɗan ƙaramin wuri, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp yake amfani da shi. Wannan kuwa gargaɗi ne ga mawaƙi: waƙar da aka naɗa a matsayin saƙon murya an riga an matse ta ƙwarai, ba ta dace da aikin situdiyo ba.

Tsakanin WAV da irin su MP3 akwai FLAC, wanda ya fito a 2001, da takwaransa ALAC na Apple. Su suna rage girman fayil zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, amma ba sa zubar da komai, domin idan aka buɗe su lambobin suna dawowa daidai da na WAV ɗin da aka yi su da shi. A ganina babu abin da ya kai FLAC dacewa da ajiyar waƙoƙin da mutum yake ƙauna, tunda kyauta ne kuma yana riƙe sunan mawaƙi da na waƙa a cikinsa.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan babi shi ne, abin da MP3 ko AAC ya zubar ba ya dawowa. Wasu sukan mayar da MP3 zuwa WAV suna zaton sun gyara shi, alhali girman fayil kawai suka ƙara. Yadin da tela ya riga ya yanke ba ya cika don an sa shi a babbar jaka. Haka kuma duk lokacin da aka buɗe MP3 aka gyara aka sake adana shi a MP3, ana sake zubar da wani abu, har sautin ya dushe. Saboda haka a naɗa da WAV, a yi gyara da WAV, a ajiye na asali, sannan a ciro kwafin MP3 ko AAC a ƙarshe don rabawa.

Mai sauraro kuma ya sani cewa Bluetooth yana sake matse sauti kafin ya isa kunne, don haka wanda yake ji ta wannan hanya a cikin hayaniyar titi da wuya ya amfana da FLAC. Kuɗin da zai kashe kan ƙarin wurin ajiya gara ya sa shi a kan lasifika ko abin kunne mai kyau.

Na'urar naɗa layi-layi

Idan aka ajiye makirfo ɗaya a tsakiyar makaɗa, duk abin da ya shiga ya cakuɗe ke nan. In ganga ta danne murya, ko mai jita ya yi kuskure, sai dai kowa ya sake daga farko. Na'ura mai layi da yawa tana ba kowane makirfo layinsa, murya daban, ganga daban, jita daban, ta yadda daga baya za a ɗaga wannan a sauke wancan, ko a sake naɗar layi ɗaya mawaƙi yana jin sauran a kunnensa. Makaɗin Amurka Les Paul yana cikin waɗanda suka share wannan hanya, kuma kamfanin Ampex ya ƙera masa na'ura mai layi takwas a shekarun 1950. A 1979 aka fito da Portastudio na TEAC, mai layi huɗu a kan kaset na gama-gari, wanda ya shigar da aikin cikin ɗakunan mutane. A farkon shekarun 1990 ADAT na Alesis ya kawo layi takwas na dijital a kan kaset ɗin bidiyo.

A yau zaɓi ya kasu kusan gida uku. Akwai ƙananan rikoda na hannu irin Zoom H4n da H6, masu aiki da batir, da makirfo a jikinsu, suna adanawa a katin SD. Sun dace da mai fita waje naɗar makaɗa kaɗan ko hira. Akwai na tebur irin Tascam DP-24 ko Zoom R16, masu maɓallan turawa na kowane layi, waɗanda ake iya naɗa da haɗa sauti a kansu ba tare da kwamfuta ba, kuma suna da daɗin koyo ga wanda hannunsa ya fi sabawa da maɓalli fiye da allo. Na uku shi ne kwamfuta da akwatin shigar da sauti, wanda ake jona makirfo a jikinsa, da manhajar naɗa, kamar Audacity wadda kyauta ce, ko Reaper, ko Cubase, ko Pro Tools. Wannan ya fi kowanne faɗin gyara, sai dai yana bukatar haƙurin koyo da wuta tsayayya, kuma ƙarar fankar kwamfuta tana iya shiga makirfo.

Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne duba yawan layin da aka rubuta a kwali kawai. Na'ura tana iya kunna layi 16 ko 24, amma takwas kaɗai take naɗa a lokaci guda, kamar yadda yake a R16 da DP-24. Wanda yake aiki shi kaɗai, yana ɗora layi bisa layi, kafar shiga biyu ta ishe shi. Wanda zai naɗi rukunin makaɗa gaba ɗaya kuwa, sai ya ƙirga makirfo nawa zai jona a lokaci ɗaya, ya sayi na'ura mai kafofi daidai da haka. A duba kuma ko kafofin na XLR ne masu ƙafa uku, da ko na'urar tana ba da wutar bolt 48, domin makirfon situdiyo irin kondensa ba ya aiki sai da ita.

Kafin a fara naɗa, a sa mawaƙi ya rera wurin da muryarsa ta fi ƙarfi, a daidaita maɓalli har ma'aunin ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6. Idan ya taɓa sifili ya nuna ja, sautin ya fashe, kuma gyara shi yana da wuya ƙwarai. Wasu sababbin rikoda masu bit 32 sun rage wannan haɗari, amma koyon daidaita ma'auni bai daina amfani ba.

Aikin gwaji

Layi ɗaya a kan awo 48,000 da bit 24 yana cin kimanin megabayit 8.6 a minti. Ku lissafa abin da layi takwas za su ci a minti ɗaya, sannan a awa ɗaya, ku ga ko katin gigabayit 4 zai ɗauka. Bayan haka ku naɗi tafi da gajeriyar magana da WAV, ku ciro kwafi biyu na MP3, ɗaya a kan 64 ɗaya a kan 320, ku ba abokin karatu ya kunna muku su ukun ba tare da ya faɗa muku wanne ne wanne ba, ku rubuta abin da kunnenku ya ji a kowanne.