Yadda ake gane kuloci mai zamewa a tsohuwar mota mai giyar hannu

Ka taka totur a hawa, inji ya ɗauki kuka, amma gudun mota na nan yadda yake. Bayan ɗan lokaci sai ƙarar ta sauko, motar ta fara ja. Wannan ita ce babbar alamar kuloci mai zamewa. Da yawa daga nan suke wucewa gareji a sauke giyabos, alhali wani lokacin matsalar ba ta wuce juya noti ɗaya ba. Sauke giyabos shi ne aikin ƙarshe. Kafin a kai can, sai an tabbatar kulocin ne, sannan a gano abin da ya sa yake zamewa.

Abubuwa uku ne ke haɗa inji da giya. Akwai filawil, ƙaton ƙarfen da ke ɗaure a bayan inji. Akwai farantin kuloci, mai fata gaba da baya irin ta birki. Sai murfin kuloci, wanda sifirin ɗinsa ke matse farantin a jikin filawil. Idan ka taka feda, wani boris da ke bayan murfin ne ke danna yatsun sifirin ɗin, matsin ya saki. Kenan zamewa ba ta wuce ɗayan uku: fatar ta cinye, ko mai ya taɓa ta, ko wani abu na hana murfin matsewa sosai.

Gwaji a kan hanya

Bari inji ya yi zafi tukuna, domin kulocin da ya fara lalacewa yakan riƙe da safe, ya saki bayan an sha gosulo. Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, mai ɗan hawa in da hali. Sa giya ta huɗu ko ta biyar kana tafiyar kilomita 50 zuwa 60, ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya daga kan kuloci, ka danne totur har ƙasa. A lafiyayyar mota, juyin inji da gudu tare suke hawa, sannu a hankali. Idan allurar juyin inji ta yi tsalle, misali daga 2,000 zuwa 3,500, ta bar allurar gudu a baya, kuloci ya zame. Motar da ba ta da agogon juyin inji, kunnenka ya isa.

Kada ka gwada a giya ta ɗaya ko ta biyu ka ce lafiya lau. A ƙananan giyoyi mota ba ta yi wa inji nauyi, don haka ko gajiyayyen faranti zai ja ta. A manyan giyoyi ne inji ke zuba duk ƙarfinsa a kan kuloci, can asiri ke fara tonuwa. Ranar da ta fara zamewa a giya ta biyu, farantin ya kusa ƙarewa, kada ka ɗauki doguwar tafiya da ita.

Gwaji a tsaye

Ajiye motar a fili, ba bango ba mutum a gabanta. Ja birkin hannu, ka sa dutse ko katako a gaban tayoyi, don birkin hannun tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne. Taka kuloci, sa giya ta uku ko ta huɗu, ɗaga inji zuwa wajen 1,500 ko 2,000, sannan ka saki feda a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Idan ka saki feda duka inji na ci gaba da aiki, ko ya daɗe yana jan rai kafin ya mutu, yana zamewa. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa, kuma sau ɗaya. Gwajin kansa ƙona fata yake yi, wanda ya maimaita shi sau biyar ya ƙarasa abin da ya rage.

Hanci ma na da amfani. Ƙaurin kuloci iri ɗaya ne da na birkin da ya ɗau zafi a gangara. In ka ji shi, kusantar da hannu wajen kowace taya. Wadda ke huci birkinta ne ya kama, kuma birki mai kamawa shi ma yana sa mota nauyi.

Akwai cututtukan da ake ɗora wa kuloci ba nasa ba ne. Idan ka taka totur inji ya ƙi tashi, yana sarƙewa ko yana tari, nemi fulogi, matatar mai, famfon mai ko kafireto. In kuwa giya ce ke ƙara wajen shiga, musamman ribas, kuloci ne bai saki sosai ba, wato kishiyar zamewa. Jijjiga wajen tashi kuma sau da yawa robobin da ke riƙe inji ne suka mutu, ko mai ya ɗiga a faranti.

Feda kafin komai

Nan ne ake tsallakewa, nan ne kuma aka fi samun sauƙi. Danna fedar da hannu, ba da ƙafa ba. Ya kamata ta sauka kaɗan sakayau kafin ka ji tauri. Sa ruler ka auna wannan wasan: a Volkswagen Beetle milimita 10 zuwa 20 ake so, a Toyota da yawa masu kulocin mai 5 zuwa 15. Idan babu wasa ko kaɗan, boris na danne da sifirin kullum, daidai da direban da ya ɗora ƙafa a feda yana tafiya.

Wasan ba haka kawai yake ɓacewa ba. Yayin da fata ke cinyewa, murfi na ƙara matsawa wajen filawil, yatsun sifirin kuma suna turowa baya wajen boris har su cinye ratar. Shi ya sa feda ke ƙara kamawa can sama. A motar da kulocinta na waya ne mai noti, sassauta notin har wasan ya dawo, ka sake gwajin hanya. In zamewar ta tsaya kuma fatar ba ta riga ta ƙone ba, ka tsira da kuɗinka. Golf 3 mai injin fetur 1.6 ko 1.8 kuwa wayarsa da kanta take daidaita kanta, kuma in na'urar daidaitawar ta cije takan riƙe wayar a ɗame. Ja hannun kulocin da ke jikin giyabos ka gani ko yana da ɗan sassauci. In babu, wayar za a canza. Duba kuma ko wayar ta fara tsinkewa a cikin rigarta tana hana feda dawowa, ko tabarmar ƙafa ta naɗe ta tokare ta.

Peugeot 504 da 505, da Hiace da Hilux, da mai kulocinsu ke aiki: masta, wato silindar da feda ke turawa, a sama, ƙaramar silinda a jikin giyabos. A cikin masta akwai wata 'yar ƙofa da mai ke komawa tulu idan an saki feda. In an ɗaure sandar feda fiye da kima, ko roba ta kumbura, ƙofar takan toshe, mai ya maƙale, yana ɗaukar zafi yana ƙara dannawa. Alamarsa ita ce motar lafiya da safe, tana zamewa bayan rabin awa. Gane shi ba wuya: lokacin da take zamewa, tsaya ka kwance notin fitar da iska na silindar ƙasa kaɗan, ba tare da kowa ya taka feda ba. Ɗigowa a hankali ba komai. Amma in mai ya yi feshi, sandar silindar ta koma baya, zamewar ta ɗauke, laifin na masta ne ko na tiyon roba da ya ruɓe ta ciki. Abin da ya fi kumbura robobin nan shi ne zuba man inji ko man sitiyari a tulun. Man birki DOT 3 ko DOT 4 kawai ake sawa.

Leƙa ƙasa

Ɗora motar a kan rami ko ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. Duba inda inji ya haɗu da giyabos. Danshin mai a gindin wurin na nuna sil, wato robar da ke tare mai, ya mutu. Shafa da yatsa ka sansana: baƙi marar wari sosai na inji ne, daga sil ɗin bayan karanshaf, mai kauri da warin ƙibiritu na giya ne. Share saman inji ma, don man da ke zubowa daga murfin bawul yakan gangaro nan ya ruɗi mutum. In akwai ƙaramin murfin dubawa, cire shi. Baƙar ƙura busasshiya kaɗan al'ada ce. Zare-zaren fata ko ƙura mai maiƙo kuwa, giyabos zai sauka. Kada a hura ƙurar da iska, domin tsofaffin faranti na iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Idan an sauke

Kar ka bari a jefar da tsohon farantin kafin ka gan shi, shi ne zai gaya maka abin da ya faru. Auna zurfin kan kusoshin da ke riƙe fata: ƙa'idar Toyota, in bai kai milimita 0.3 ba ya gama aiki. In kusoshin sun fito suna sheƙi, duba filawil, da wuya ba su yi masa zane ba. Fata mai kauri amma baƙa tana ƙyalli, zafi ne ya gasa ta, sai a tambayi direba yadda yake riƙe mota a hawa da rabin kuloci, da irin lodin da yake ɗauka. Fata mai maiƙo ba ta wankuwa. Ana wanke ta da fetur ta yi kyau a ido, amma da ta ɗau zafi man da ta sha zai sake tsattsafowa. A canza ta, a canza sil ɗin, in ba haka ba sabon ma haka zai koma.

Idan faranti lafiya, ba mai, amma mota na zamewa, murfin ne ya gaji. Duba yatsun sifirin: tsayinsu ya zama ɗaya, ba su lotsa inda boris ke taɓawa ba. Shuɗin tabo a fuskar murfi ko filawil shaidar zafi ce, kuma sifirin da ya sha wuta ba ya komawa ƙarfinsa. Filawil mai zane ko ƙananan tsagu a kai shi wurin mai injin gyaran ƙarfe. In mai mataki ne, dole a rage fuskar da faranti ke kwanciya da inda murfi ke zama daidai wa daida, don in fuska kaɗai aka ci, matsi ya ragu, sabon kuloci zai zame tun ranar farko.

Faranti, murfi da boris tare ake canza su, tunda kuɗin aikin sauke giyabos ɗaya ne. Jera sabon faranti da tsoho ka gwada faɗi da yawan haƙoran tsakiya kafin a ɗaura. Maiƙo a kan shaf ɗin giyabos da ke shiga tsakiyar faranti ɗan shafe kawai, na fiye da haka faranti zai watsa wa. A ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan, ɗaya da na daura da shi, a saita wasan feda, sannan a yi kilomita 500 na farko ba lodi mai nauyi, ba fizga.