Kafin ka ce iyafis ɗinka ba shi da bes

'Yan'uwa, duk wanda ya sayi iyafis mai shiga cikin kunne, ya ji sautin siriri kamar na tsohuwar rediyo, kada ya yi saurin mayar wa mai shago. Ya fara duba robar bakinsa tukuna. Galibi kala uku ake sakowa a kwali: ƙarama, matsakaiciya da babba. Idan robar ba ta toshe kunne ruf ba, iska na zirarewa, bes ɗin kuma, wato sauti mai kauri, ya bi ta. Gwada babbar, ka ɗan ja kunnenka sama yayin sakawa. Wani ma ramukan kunnensa ba girmansu ɗaya ba. Ni kaina matsakaiciya nake sawa a dama, babba a hagu.

In kuma sautin "s" ne ke sukar kunnenka, shiga ikwalaiza, wato wurin daidaita sauti a na'urarka, ka rage wajen 6 zuwa 8 kHz (ɓangaren siririn sauti) da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3. Na fi son rage kaifin a kan ƙara bes, domin cika bes yana danne muryar mutum, musamman a karatun Alƙur'ani ko wa'azi. Bakin iyafis na soso, a madadin na roba, shi ma yakan tausasa wannan kaifin.