Kurakuran da ke ɓata murya tsakanin makirfo da miksa

Ana saura kwana uku azumi wani ƙanena ya kira ni daga Mabera, hankali a tashe. Sun yi karo-karo sun sayi dbx 286s, wato firiyam, na'urar da ke ɗaga sautin makirfo ta kuma gyara shi, don ɗaukar tafsirin malaminsu, amma da suka gwada sai muryar ta fito a dakushe tana tsatsa. "Yaya, mi ya hwaru? Ko jabu aka sayar muna?" Na je na leƙa bayan na'urar. Lafiyarta ƙalau. Wayar da ta fito daga cikinta ce suka cusa a ramin makirfo na miksa, na'urar da ke haɗa sautuka.

Wannan kuskuren na fi cin karo da shi a Sakkwato. Sautin da makirfo ke bayarwa ɗan mitsitsi ne, aikin firiyam shi ne ya ɗaga shi ya kai ƙarfin layi. In ka mayar da shi ramin makirfo, firiyam ɗin cikin miksa zai sake ɗaga shi, kamar ka juye ruwan tulu a moɗa. Ka kai wayar ramin layi, ka rage gen na wannan tashar ta miksa, shi ke nan.

Gen ɗin kansa, wato maɓallin da ke ƙayyade ƙarfin shigar murya, nan ya kamata mutum ya daɗe. Da yawa sai su ce wa mai magana "ce wan-tu", ya faɗa ƙasa-ƙasa, su saita a kan haka. Da shiri ya yi zafi, ko malam ya ɗaga murya yana jan aya, sai jar fitila ta kama, sautin ya fashe. Abin da ya fashe a wurin ɗauka kuwa da wuya manhaja ta ɗinke shi ya koma daidai. Ka sa mutumin ya yi magana yadda zai yi ta da gaske, har da dariyarsa. A kwamfuta muryar ta riƙa yawo wajen desibel -18 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙololuwarta kada ta haura -6, domin 0 bango ne. Wasu kuma tsoron ja ke sa su bar gen a ƙasa ƙwarai, daga baya su ƙara a kwamfuta, sai shuuu ɗin na'ura ya taso tare da muryar. Makirfo irin su Shure SM7B na son wajen desibel 60 kafin su buɗe baki, kada ka yi musu rowa.

Maɓallin 48V, mai aika wa makirfo wuta, na makirfon kwandensa ne, in babu shi ba ya ko motsi. Makirfon SM58 da 'yan'uwansa ba sa buƙata. Ka jona wayar XLR, wato wayar makirfo, tukuna, ka rage sifika, sannan ka danna.

Sai kwamfaresa, wadda samari suka fi ƙauna saboda tana sa murya ta cika kamar ta manyan gidajen rediyo. Tana danne ƙarfi, ta tallabo rauni, kuma ba ta san bambancin raunin muryarka da ƙugin fanka ba. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wa zai yarda a kashe fanka? Ga janaretan maƙwabci, ga babur na wucewa. Ka murɗa kwamfaresa da yawa, duk inda mai magana ya ja numfashi sai ɗakin gaba ɗaya ya taso. Ka duba fitilun da ke nuna yawan abin da ta danne: desibel 3 zuwa 6 ya wadatar a hira. Ka matso da baki kusa da makirfo, tazarar yatsu huɗu, ka kawar da fanka daga saitinsa, ka danna matatar Hz 80 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) da ke zubar da gurnanin ƙasa.

Daga nan mutane kan gudu wurin get, ƙofar da ke rufe sauti in an yi shiru, su ƙulle ta tamau. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin harshenmu yake yanka. A Hausa tsawon wasali da faɗuwar murya a ƙarshen kalma suna ɗauke da ma'ana, kuma daidai nan murya ke sanyi. Get mai tsanani sai ta datse wutsiyar kalma, dattijo na magana a natse ka ji kamar ana fizge masa zance daga baki. Ka fara da ita a kashe, ka riƙa ɗagawa sannu har ƙugin ɗaki ya lafa, ka sa a karanta jimla a hankali. In ka ji ƙarshen kalma ya guntule, koma baya. Ni na fi yarda a ji ɗan fanka da a rasa harafi.

Haka maɓallin rage kaifin "s" yake. Kaifin yana zaune tsakanin Hz 5,000 da 8,000. In ka matsa masa, "tsuntsu" da "sassafe" za su fito kamar daga bakin mai wawulo. Gwada shi da waɗannan kalmomin, ka tsaya da zarar sun daina sukar kunne. Iskar "hw" ta Basakkwace kuwa, a "hwari" da "hwaɗi", ba aikin maɓalli ba ce: soso ko raga a gaban makirfo, a kuma ɗan karkata shi gefen baki.

In ka ji ƙugi mai ɗorewa, huuum, ko ba a magana, yawanci na wutar lantarki ne mai Hz 50. Ka haɗa firiyam, miksa da kwamfuta a soket guda, ka raba wayar makirfo da wayar wuta, ka bar amfani da wayar da aka ɗaure da salatif. Wanda ya sayi na hannu kuma ya karanta rubutun bayanta kafin ya jona: wadda aka ƙera don Amurka bolt 120 take ci, tamu wutar 230 ce. In hunturu ya shigo ka ji maɓalli na ƙarar-ƙarar in an murɗa, ƙura ce ta shige shi. A fesa masa maganin wanke maɓalli, a riƙa lulluɓe na'urar da ƙyalle bayan an tashi aiki.