Kafin ka sayi turbo: abin da nake dubawa idan mota ta daina ja

Ranar wata Talata da hantsi wani Alhaji mai fataucin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya shigo garejinmu da ke Agege da Hilux ɗinsa mai shan gas, wato dizal, ga wani kwali ɗaure da igiya a kujerar baya. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Malam, ga turbo nan na sayo, ka ɗaura mini yau, gobe da asuba zan kama hanyar Arewa."

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wa ya ce maka turbo ne ya mutu?"

Ya ce a wani gareji aka sa wa motar kwamfuta, ta nuna P0299, shi ke nan aka ce masa ya nemo turbo. Na roƙe shi ya ba ni awa ɗaya kafin a taɓa kwalin. Ban ma cinye awar ba. Na shiga ƙarƙashin motar da tocila, na matsa tiyon da ke fita daga intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, sai ga tsaga kamar tsawon yatsa a gefen da ido ba ya gani, baƙin mai ya yi mata jirwaye. Tiyo ɗaya da kilif biyu muka canza. Turbon da ya zuba wa kuɗi masu yawa bai fita daga kwalinsa ba, kuma na ji wannan asarar har cikin raina, don na san da gumi aka samo kuɗin.

Lambar P0299 ba ta cewa turbo ya lalace. Abin da take cewa kawai shi ne matsin iskar da ke isa inji bai kai wanda kwamfutar motar ta nema ba. Dalilan da ke jawo haka suna da yawa, kuma a abin da ya bi ta hannuna, turbon kansa shi ne na ƙarshe a layi.

Aikin turbo ba shi da wuyar ganewa. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata fanka, sanda guda ta haɗa ta da fanka ta biyu, ita kuma ta biyun tana zuƙo iska ta cusa wa inji da ƙarfi. Sandar nan tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, tana shawagi a kan baƙin mai. Iskar da aka matsa tana yin zafi, don haka take bi ta intakula ta huce kafin ta shiga. To ka ga hanyar tana da tsawo: daga filtar iska zuwa turbo, daga turbo zuwa intakula, daga nan zuwa inji, sannan hayaƙi ya dawo ta turbo ya fita ta salansa. Ko'ina aka samu toshewa ko yoyo a wannan hanya, mota za ta yi sanyi.

Ina farawa ne da tambayar mai mota, don bakinsa ya fi kwamfuta ba ni labari. Dare ɗaya ƙarfin ya tafi, ko a hankali? Idan kana cikin tafiya ka ji "fuf" sai mota ta mutu a hannunka, tiyo ne ya fita ko ya fashe. Idan wata da watanni tana raguwa, sai hankalina ya tafi kan toshewa. Idan kuma ka kashe ta ka sake tayarwa ƙarfin ya dawo, sai ka taka totur sosai ya sake ɗaukewa, to kwamfutar ce take rage wa injin ƙarfi da gangan don ta kare shi. Ina kuma tambaya ko an taɓa injin kwanan nan. Sau da yawa an yi sabis ne, yaro ya manta bai ɗaure kilif ba.

Daga nan sai filtar iska. Mu nan Legas damina tana cin filta fiye da yadda ake zato. Mota ta ratsa ruwa a Oshodi ko a Lekki, takardar filtar ta jiƙe, ta bushe, ta daskare da laka, ta koma kamar katako. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. In haske bai ratso ba, jefar da ita. Ka kuma duba babban tiyon da ke tsakanin filta da turbo, don idan ya tsufa ya yi laushi yakan tsuke kansa lokacin da turbo ke zuƙa.

Inda na fi daɗewa shi ne neman yoyo, don nan ne yawancin matsalar take. Bi kowane tiyo da hannu, ba da ido kaɗai ba, inji a kashe kuma ya huce. Matsa shi, lanƙwasa shi, leƙa ƙasansa. Iskar da ke bi ta ciki tana ɗauke da ɗan tururin baƙin mai, saboda haka duk inda take yoyo za ka ga danshin mai da ƙura ta manne a kai. Wannan tabon shi ne mai nuna maka hanya. Intakula kuma a gaba take, ƙasa-ƙasa a motoci da yawa, ita ke fara karɓar dutse, ita ke karɓar duka idan ɗanfo ya ja da baya ya taɓa ka a gosulo. Waɗanda gefensu roba ne sukan buɗe a inda robar ta haɗu da alminiyon.

Sai dai akwai tsagar da ba ta buɗewa sai iska ta matsa. Don irin ta na haɗa wani murfi da kaina: gutsuren bututun roba mai kauri, na toshe bakinsa, na sa masa bawul na taya. Ina cire tiyon da ke shiga turbo in ɗaura murfin, in toshe ƙaramin tiyon numfashin inji, in buɗe murfin zuba baƙin mai don kada iska ta tura sil, wato robobin da ke hana mai yoyo. Sannan in sa iska a hankali, rabin bar tukuna a ma'aunin matsin iska, ba na wuce bar 1, wato kusan fam 14 da rabi a agogon mai faci. Kada ka ɗauki tiyon mai faci ka danna gaba ɗaya kamar kana cika tayar tirela, za ka fasa abin da lafiyarsa ƙalau. Da iska ta shiga sai ka kasa kunne, ka fesa ruwan Omo a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta tashi, nan ne. A motar gas, yoyo irin wannan yakan zo da baƙin hayaƙi idan an taka, don man ya fi iskar yawa, kuma direba yakan ji huci kamar na kumurci daga gaba.

Idan hanyar iska ta riƙe, sai in koma kan kwamfuta, amma ba don karanta lamba kaɗai ba. Kunna makulli, kada ka tayar da inji, ka duba abin da sansar matsin iska ke nunawa. Legas a bakin teku take, don haka ya kamata ka ga kusan 100 ko 101 a ma'aunin kPa. Da a Jos ne, da ke kan tudu, za ka ga kusan 88, kuma daidai ne a can. In ka ga 70 ko 130 a nan Agege alhali inji a kashe, sansar ce ke yi wa kwamfuta ƙarya, ko wayarta. A Hilux da Hiace masu gas, sansar tana jin matsi ne ta wani siririn tiyo mai ɗan filta a tsakiya, kuma toka takan toshe shi tsaf. Na sha wanke wannan kaɗai mota ta dawo hayyacinta. Sansar da ke auna iska bayan filta ita ma takan yi datti. Da maganin feshinta na musamman ake wanke ta, ba da fetur da buroshi ba.

Bayan haka sai gwajin hanya. Taka totur a tsaye cikin gareji ba ya nuna komai, turbo sai da nauyi yake aiki. Nemo hanyar da za ka taka a Legas ma aiki ne. Ni da sassafen Lahadi nake fita, in bi ta Berger in hau doguwar gadar nan ta wajen Kara. Mutum biyu ake yi, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon kwamfuta. A giya ta uku, daga juyi 1,500 a taka har ƙasa, a kwatanta matsin da kwamfuta ta nema da wanda aka samu. Ka lura, kwamfutoci da yawa suna haɗawa da nauyin iskar duniya, saboda haka 200 na nufin turbo ya ƙara kusan bar 1 ne. Idan matsi ya tashi sannan ya zube, na fi zargin yoyo ko bawul. Idan ko motsi bai yi ba, sai in tafi wajen abin da ke sarrafa turbon.

A jikin turbo akwai wata 'yar ƙofa, wesget, mai sakin hayaƙi ya wuce ta gefe idan matsi ya isa. In ta maƙale a buɗe, hayaƙin da zai juya fanka ya gudu ke nan. Duba sandar da ke jan ta: wani lokaci ɗan kilif ɗin bakinta ne ya faɗi, sandar tana lilo. Wani lokaci ƙofar ta ci, tana kaɗawa kamar gwangwani idan ka saki totur. A wasu motocin zuƙar iska ce ke rufe ƙofar, don haka siririn tiyo ɗaya da zafi ya busar ya tsage ya isa ya hana turbo aiki. Ina gwadawa da ɗan famfon hannu, in ga ko sandar tana tafiya sumul kuma tana riƙewa. A motar gas, idan mai mota ya ce birki ma ya yi tauri, to famfon zuƙar iskar nake fara dubawa, don shi ke taimakon birki. Akwai kuma ɗan bawul na lantarki da kwamfuta ke ba umarni, wanda a Volkswagen da Audi ake kira N75. Shi ma yana mutuwa. A injinansu na fetur masu lita 2, wani bawul da ke mayar da iska idan an saki totur yana da roba a ciki mai yagewa, noti uku ne a cire a duba.

A nan zan yi magana da babbar murya. Kada ka bari kowa ya ɗaure wesget da waya, ko ya rage tsawon sandar da ka, wai don mota ta ja. Za ta ja ɗin, na kwana kaɗan, sannan matsi ya wuce kima ya ƙona fistin ko gasket. Na ga injin da aka kashe ta wannan hanya, mai shi kuwa da motar yake ciyar da iyalinsa.

Motocin gas na zamani da yawa ba su da wesget, sai wasu ƙananan fikafikai a cikin turbon da ke buɗewa da tsukewa. Motar da kullum tana rarrafe daga Ikeja zuwa Apapa ba ta samun zafin da zai ƙona toka, sai tokar ta daskare fikafikan su maƙale. Wannan a buɗe a wanke ne, ba sai an canza ba, muddin ba a taɓa notin saitinsu ba. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani hayaƙi cikin inji, shi ma toka kan riƙe shi a buɗe. Kada a manta da filtar man gas: injin da bai samu isasshen mai ba ba zai ba da hayaƙin da zai juya turbo ba.

Saura ɓangaren salansa. Yoyon hayaƙi kafin turbo yana barin baƙin tabo a manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga inji, kuma za ka ji "cak-cak-cak" da safe kafin inji ya yi zafi. Bayan turbo kuma akwai matatar hayaƙin nan da makanikan Legas ke kira indomi. In ta narke ta toshe, mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiyar cikin unguwa, amma da ka nemi gudu sai ta shaƙe. Kafin a yanke mata hukunci a auna matsin hayaƙi a gabanta, kuma a nemo abin da ya narkar da ita, ko fulogi ne ke tsallake wuta ko inji na shan mai. Kada ka bar motarka a hannun wanda ke zumuɗin fasa ta, ƙarafan da ke ciki suna da tsada kuma akwai masu saye.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya nake cire tiyon bakin turbo in haska. Ina duba ko bakin fankar ya karkarye ko ƙura ta cinye shi. In kama sandar da yatsu biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, don mai ne ke cike wannan gurbin idan inji na aiki, amma kada fankar ta goga jiki, kuma kada ta yi gaba da baya yadda za ka ji. Danshin mai kaɗan a bututu ba komai, amma mai kwance a intakula, da shuɗin hayaƙi, da kuka irin na jiniya, to a nan ne zan ce wa mai mota ya shirya zuwa Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, kuma ya tafi da tsohon a hannu a gwada lamba da lamba.

Ko a lokacin ba na ɗaura wani sai na san abin da ya kashe na farko. Galibi mai ne: ko jabu, ko an daɗe ba a juye ba, ko siririn bututun da ke kai wa turbo mai ya toshe da gawayi. Ina canza bututun, in juye mai da filta, in wanke intakula tas, don injin gas yana iya zuƙe man da ya kwanta a ciki ya yi ta gudu ko an zare makulli. Ina ɗura mai a bakin sabon turbon in juya shi da hannu kafin a tayar, in bar inji a sulo na 'yan mintuna. Direban kuma ina gaya masa, duk ran da ya sauko daga doguwar tafiya da lodi, ya bar inji minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe.

Shi kuwa Alhajin albasa, bayan sati biyu ya kira ni daga Sakkwato ya ce motar ta hau duk tudun hanya da lodi ba ta yi gardama ba. Turbon yana nan a shagona cikin kwalinsa, ya ce in ajiye masa, in an samu mai buƙata ta gaskiya a sayar.